Ruwan famfon Sakkwato: a hannun wa makullin yake?

Shehu Runjin Sambo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kowace bazara waƙar guda ce. Famfo ya ƙafe, kurar 'yan ga-ruwa ta yi tsada, kowa ya buɗe baki kan hukumar ruwa ta jiha. Ina roƙon waɗanda suka san aikin su fayyace mana: ruwan da ke zuwa famfon birnin nan daga ina yake tasowa, kuma wa ke da ikon tsare shi ko sako shi kafin ya iso gare mu? Don Allah ban da siyasa. Injiniya Bello, bisimilla.

Injiniya Bello: Wa alaikumus salam Malam Shehu. A fara da taswira, don wanda bai san hanyar gulbi ba zai yi ta jifan wanda bai ci masa ba.

Gulbi biyu ne ke haɗuwa kusa da birni: Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato. Babu ɗayansu da aka haifa a jihar nan. Gulbin Sakkwato yana tasowa ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya faɗa dam ɗin Bakolori da ke ƙasar Zamfara, wanda aka gama a 1978, mai ɗaukar kubik mita miliyan 450. Abin da ya tsallake Bakolori shi ke gangaro mana. Rima kuwa haɗin gambiza ne. Akwai Gagare da ke biyowa ta Kaura Namoda, akwai Bunsuru wanda Karaduwa ke zuba masa, kuma a kan Karaduwa aka yi dam ɗin Zobe a Dutsin-ma. Sai na uku, gulbin Gada da ke tasowa a Katsina, aka tsare shi a dam ɗin Jibiya, ya shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, sannan ya sake dawowa Najeriya ta gabashin jihar nan. Duk waɗannan ne ke taruwa a dam ɗin Goronyo, wanda ke ɗaukar sama da kubik mita miliyan 900 in ya cika.

Da rani gulbi ba shi da ruwan kansa. Abin da matatar ruwa ke zuƙa a lokacin, mafi yawansa wanda aka sako ne daga Goronyo. To Goronyo yana cikin jiharmu, amma ba na gwamnatin jiha ba ne. Na Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ne, ita kuwa ta tarayya ce. Hukumar ruwa ta jiha tana karɓar abin da aka sako mata ne kawai, kamar kowa.

Ga mai son kwatance, kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, wato tankin roba guda irin na saman ɗaki.

Aminu Bakatsine: Injiniya, ina jin ƙanshin za a ɗora mana laifi. Zobe da Jibiya kowannensu bai kai kubik mita miliyan 200 ba. A haɗa su biyun ba su kai rabin Goronyo ba. Kuma mutanen Katsina su ma ruwa suke sha, ba fetur ba.

Bakaben Argungu: Bakatsine ke nan, ba a kira suna ba ya amsa. Wanda bai ci nama ba me ya kai shi sakace?

Aminu Bakatsine: Kai Bakabe, ka bari manya su gama, kifinka ba zai gudu ba.

Injiniya Bello: Aminu yana da gaskiya ta fuska ɗaya. A shekarar da aka yi ruwa sosai, Zobe da Jibiya suna cika su yi ambaliya, ba mai jin su a nan. Matsalar tana shekarar da damina ta yi gardama. Dam na sama shi ke fara sha, sai ya ƙoshi na ƙasa ke ganin ragowa. Ruwan farkon damina, wanda da zai jiƙe gadon gulbi ya share wa na baya hanya, shi ne ake tsarewa. Don haka a shekarar fari ƙaramin dam yana da nauyin da ya fi girmansa.

Amma in ana neman babban ɓarawon ruwan Goronyo, rana ce. Ku yi lissafin da kanku. Faɗin tafkin in ya cika kimanin murabba'in kilomita 200 ne, ga shi ba zurfi, kamar faranti yake. Milimita ɗaya a kan murabba'in kilomita ɗaya kubik mita 1,000 ne. A watan Maris da Afirilu, da zafin nan namu da busasshiyar iska, a ƙaddara milimita 8 ke tashi a yini. 200 sau 8 sau 1,000, kubik mita miliyan 1.6 ke nan a rana guda. Yanzu ku ƙaddara mutum miliyan ɗaya, kowa lita 100 a yini: kubik mita 100,000 kacal. Rana ta sha ninki 16 na abin da birni zai sha. Ko tafkin ya koma rabin faɗinsa, har yanzu ninki 8 ne.

Malam Umaru Goronyo: Injiniya Allah shi ƙara basira, amma ka bar abu biyu. Na farko yashi. Tun da anka gama dam ɗin ga cikin shekarun 1980, kowace damana gulbi na zuwa da laka da rairai shi aje. Daji ya ƙare can sama, an sare itace an yi gawayi, an nome har bakin gulbi, ƙasa ba ta da abin riƙewa. Lambar da kac ce ta miliyan 900 ta takarda ta. Abin da dam ka ɗauka yau bai kai nan ba, kuma ba a sanin gaskiyatai sai an shiga da jirgi an auna zurhi wuri-wuri. Itacen da anka sare Zamfara shina rage ruwan Mabera, ko da mai gatarin bai taɓa zuwa Sakkwato ba.

Na biyu mu manoman rani, don kar a ce mun ɓoye namu. Ruwan da anka sako ba cikin bututu shika tahiya ba, cikin gulbi na, bisa rairai, kilomita da dama. Tun daga Goronyo, Wurno, hak Kware, injin na bakin gaɓa. Inji mai inci 3 shina jan kamar kubik mita 40 cikin awa guda in an cire ƙaryar da anka rubuta ga kwali. Ƙaddara inji 1,000, kowane awa 6 ga yini, kubik mita 240,000 ke nan. Ya hi abin da kac ce birni ka sha. Shinkahwar rani kuwa kadada guda tana cin kubik mita 10,000 zuwa 15,000 kahin a yanke ta. Alkama da albasa ba su kai haka ba. Shi ya sa shekarar da dam bai cika ba, abin da ya dace shi na a hwaɗa ma manoma tun watan Nuwamba, kahin su zuba iri, a ce bana a rage shinkahwa a koma albasa da alkama. In an bari sai Maris sannan a ruhe ƙohwa, an kashe manomi kuma ba a ceci birni ba.

Shehu Runjin Sambo: Wato abin da ya faru a 2018 ke nan?

Injiniya Bello: Kusan haka. A farkon 2018 hukumar kogunan da kanta ta bayyana cewa ruwan Goronyo ya koma kusan kashi 10 cikin 100, ta danganta abin da ƙarancin ruwan sama na 2017 da cikewar dam da yashi. Abin da mutane ba su gane ba shi ne, ba sai gulbi ya ƙafe ƙaf matata ke tsayawa ba. Bakin bututun da ke zuƙo ruwa yana da zurfin da dole ruwa ya rufe shi. In ruwa ya ja baya, inji sai ya fara haɗiyar iska da yashi. Iska na sa shi ƙara da rawa kamar ana niƙa tsakuwa, yashi na cinye farfelar ciki. A mako kaɗan injin da ya kamata ya yi shekaru ya zama ƙarfe. Maganin gaggawa shi ne a kawo katafila a yanka wa ruwa hanya zuwa bakin bututu, a tare gulbin da buhunan yashi don ya ɗan taso. Maganin dindindin ƙaramin shinge ne na kankare a ƙasa da wurin zuƙa, mai ƙofar wanke yashi. In an yi shi babu ƙofar nan, damina biyu ta ishe shi ya cike.

Barista Nasiru: In sa baki ta fuskar doka. Tsarin mulkin 1999 ya sa ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma akwai dokar albarkatun ruwa ta 1993 da ta damƙa irin wannan ruwa ga gwamnatin tarayya. Ma'ana Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ba za ta iya yin dokar da za ta tilasta a buɗe Bakolori ba, ta Zamfara ma ba za ta iya yin wadda za ta hana ba.

A tuna kuma, lokacin da aka tsara Bakolori da Goronyo, Sakkwato da Kebbi da Zamfara jiha ɗaya ce. Kebbi ta fita a 1991, Zamfara a 1996. Bakolori an gina shi ne a tsohuwar Jihar Sakkwato, yau kuma ya zama na maƙwabta. Abin da ke da daɗi a ciki shi ne Goronyo, Bakolori, Zobe da Jibiya duk suna ƙarƙashin hukuma guda, hedikwatarta kuma tana nan cikin Sakkwato. Don haka ta ɓangaren Najeriya tebur ɗaya ne za a je a tsaya a gabansa. Ɓangaren da ya wuce ta Nijar shi ne wani labari.

Alhaji Garba Illela: Barista ka taɓo inda ka yi mana ƙaiƙayi. Ku mutanen birni kuna maganar abin da ka iya hwaruwa, mu mun ga namu. Akwai gulbin Maggiya da ka tasowa cikin Nijar, shi biyo ta ƙasar Ƙwanni shi zuba Tabkin Kalmalo nan Illela. Da can tabkin ga ana su, ana noman rani bakinai. Nijar ta yi dam Mozage da Zango don aikin noman rani na Ƙwanni, ga kuma hwari ya biyo. Ruwan da ka isowa Kalmalo yar rage ƙwarai. Ba wanda yaz zo da bindiga, ƙohwa kawai anka ruhe can sama. Su ma ba ƙeta sunka yi ba, abinci sunka nema ma mutanensu.

Barista Nasiru: Gaskiya ne Alhaji, kuma akwai yarjejeniya a kan wannan gulbin takamaimai. A 1990 Najeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan da suka yi tarayya a kai. Ta ambaci wurare huɗu: Maggiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai ƙasan Komadugu Yobe. An yi mata gyara a nan Sakkwato a 1998. Ruhinta shi ne kowace ƙasa ta sanar da 'yar'uwarta kafin ta yi aikin da zai taɓa ruwan, a kuma riƙa musayar bayanan awo, ta hannun hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu mai mazauni a Yamai. Abin lura, a Maggiya Nijar ce a sama mu a ƙasa, a Gulbin Maraɗi kuwa Jibiya ce a sama, Maraɗi a tsakiya, mu a ƙarshe. Kowa na riƙe da wuyan wani. Kuma ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 abu ne daban, wannan yarjejeniya ce tsakanin ƙasa da ƙasa.

Sani Mai Lantarki: Ku yi haƙuri, duk kun tsaya a gulbi. Ko Rima ya cika ya batse, in babu wuta famfo ba zai ɗiga ba. Ruwa sau biyu ake tura shi: daga gulbi zuwa matata, daga matata zuwa tankunan sama da unguwanni. Duka da lantarki.

Wutar Sakkwato kuwa ita ma baƙuwa ce. Babban layi mai kilobolt 330 yana tasowa daga Kainji a Jihar Neja zuwa Birnin Kebbi, a can ake sauke ta zuwa 132 a turo mana. A Satumban 2023 da gobara ta tashi a tashar Birnin Kebbi, Sakkwato ta shiga duhu alhali ko waya ɗaya ba ta tsinke a jihar nan ba. Kamfanin rabawa kuma na jihohi huɗu ne, Kaduna, Kebbi, Zamfara da Sakkwato, ana kasafta abin da aka samu. Mu ne a wutsiyar layi, shi ya sa wutar kan iso da rauni. Babban inji in wuta ta yi rauni yana jan ƙarfi fiye da kima, ya yi zafi, na'urar kariya ta kashe shi. In an cire na'urar don a samu a yi aiki, sai naɗin wayar ciki ya ƙone, a koma neman mai naɗi.

Janareta kuma ba wasa ba ne. Mai kVA 500 in yana ɗauke da cikakken kaya yana shan kusan lita 100 na gas a awa. Awa 12, lita 1,200. Ku ninka da kuɗin lita a gidan mai na unguwarku, sannan ku tuna ba inji ɗaya ba ne.

Sannan ku sa ido kan dam ɗin Kandaji da Nijar ke ginawa a kan Kogin Kwara a jihar Tillaberi. Yana sama da Kainji. Ba zai taɓa Rima ba, amma duk abin da ya rage wa Kainji ruwa zai iso mana ta waya.

Hajiya Asabe Mabera: Malam Sani ka zo wurin. Akwai abin da ya fi rashin ruwa muni, shi ne ruwan da ke zuwa bayan an daɗe ba a turo ba. Bututu in cike yake da ƙarfi, ko ya fashe waje yake fesawa. In ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wurin fashewar. Ku dubi yadda ƙananan bututan gidaje suke kwance cikin kwata a tsofaffin unguwanni, an ɗaure da roba. Ranar da aka kawo ruwa, na farkon nan da dagwalo yake tafe.

Abin da ya kamata kowane gida ya yi: a bar famfo ya zuba na 'yan mintuna har ya washe, a tari wannan don wanki ko ban-ruwan shuka. Na sha, in da gurɓata, a sa alif kaɗan a juya a bari ya kwanta, a tsiyaye na sama. Alif ba ya kashe ƙwayar cuta, laka kawai yake kwantarwa, wannan kuskuren ya yi yawa a gidaje. Bayan alif sai a tafasa, ko a sa maganin kulorin na kwalba daidai yadda aka rubuta a jiki, a jira minti 30. In aka sa kulorin cikin ruwa mai laka, lakar ce ke shanye shi. Randa kuma a rufe, moɗa ɗaya mai dogon hannu, kar yara su riƙa tsoma kofi.

Batun ajiya: gida mai mutum 10, a matse a ce lita 50 kowa, lita 500 ke nan a yini, jarka 20 mai lita 25. Tankin lita 2,000 kwana huɗu zai yi. Mai ƙaramin tanki ya san lissafinsa tun kafin Maris.

Musa Arkilla: Ni fa ina ganin ana kewaye-kewaye. Mu daina dogaro da gulbi mana. A haƙa burtsatse kowace unguwa da sola, a huta da Katsina da Zamfara da Nijar gaba ɗaya. Ai aikin samar da ruwan sha na Asari ma ruwan ƙasa ne.

Injiniya Bello: Musa, rabin maganarka daidai ne. Ruwan ƙasa shi ne garkuwa a shekarar fari, kuma birni mai hankali yana riƙe duka biyun. Amma ba a huta da maƙwabta ba. Tafkin ƙarƙashin ƙasa da muke zaune a kai, wanda masana ke kira Iullemmeden, mun yi tarayya a kansa da Nijar da Mali. Bambancin kawai shi ne nasa tasirin a hankali yake zuwa.

Na kusa ya fi damuna. A sassan birni da ke kan farin dutsen nan irin na Kalambaina, wanda ake siminti da shi, ruwan sama-sama yana da nauyi: sabulu ba ya kumfa, buta na yin farin ɓawo. Dutsen kuma yana da kogo da tsaga, abin da aka zuba a masai yana iya tafiya nesa ba tare da ƙasa ta tace shi ba. Mai haƙa na kirki yana wuce wannan shimfiɗar zuwa yashin ƙasa, ya sa bututu marar huda a sama, mai huda a daidai ruwan, ya zuba tsakuwa a kewaye, sannan ya toshe mitocin sama da siminti. Wannan toshiyar ita ake yawan tsallakewa don a rage kuɗi, ita ce kuma ke hana ruwan kwata gangarawa ta gefen bututu. A bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. A fili mai ƙafa 50 da 100 wannan ba ya yiwuwa sai an yi shawara da maƙwabci, don masansa na iya zama jikin katangarka. Ka ga mun dawo kan maƙwabta.

Ga shi kuma birnin ya fantsama cikin ƙananan hukumomi da dama. Sakkwato ta Arewa da ta Kudu su ne ciki, amma Arkilla da Kalambaina Wamakko ne, Kwannawa Dange-Shuni ce, ta wajen arewa Kware. Ruwan ƙasa bai san iyakar nan ba, magudanar ruwa ma haka.

Malam Umaru Goronyo: A koma ga damana, don ita ta hi kisa. Satumban 2010 kowa ya tuna: ruwa yac ci garuruwa ƙasar Goronyo, Wurno, Kware, Silame, yak katse hanyar jami'ar Ɗanfodiyo, sai da kwale-kwale. Mutane na cewa an buɗe dam an kashe mu. Mai riƙe da ƙohwa tsaka mai wuya shike. In ya saki ruwa da wuri cikin Agusta don shi bar wuri, sai damana ta ɗauke, bazara ta zo a zage shi. In ya riƙe, sai ruwa shi zo da yawa lokaci guda, dole shi buɗe duka, don dam ɗin ga na ƙasa na, in ruwa ya hau bisa kainai yanke shi za shi yi. Gusau 2006 ta ishe mu aya, shingen ruwansu ya ɓalle anka rasa rayukka.

Abin da ka hidda shi cikin wanga hali guda na: shi san abin da ka tahowa kwana biyu ko ukku kahin shi iso. Wannan kuwa sai da mai karanta ma'auni Kaura Namoda, Shinkahi, Isa, Sabon Birni, da labari daga Maraɗi. Ku dubi sunayen ga da kyau. Wuraren da tsaro ya hi lalacewa su na.

Barista Nasiru: A nan dokokin maƙwabta ke shigowa ta bayan gida. A farkon Satumban 2021 aka datse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka da safarar shanu. Cikin watan Sakkwato ta bi sahu a ƙananan hukumomi 14. An yi don tsaro, amma Satumba shi ne watan cikar gulbi. Inda babu waya, mai karanta ma'auni ba shi da hanyar aiko da lamba, mai unguwa ma ba shi da hanyar jin cewa an buɗe ƙofa. Duk dokar da za a yi irin wannan ya kamata a ware wa masu dam da hukumar agajin gaggawa rediyon oba-oba tun kafin a kashe layi.

Injiniya Bello: A ƙara da wannan: mafi haɗari ga birni shi ne Bakolori ya yi ambaliya a daidai lokacin da Goronyo ya buɗe. In suka haɗu a mahaɗa, ɗaya na tokare ɗaya, ruwa ya koma baya ya hau fadamar Kwalkwalawa da Dundaye. Tazarar kwana biyu tsakanin sakin biyun na iya rage tsawon ruwa sosai. Kuma a lokacin ne matata ke wahala ta wata fuskar: ruwa ya zama kunu, alif ɗin da ake sawa ya ninka, matatun yashi na toshewa a wanke su sau da yawa a yini. Shi ya sa za ka ga gulbi ya cika amma famfo shiru a watan Agusta.

Alhaji Garba Illela: Tunda ana maganar maƙwabta, ba ruwa kaɗai na ba. Oktoban 2024 Nijar ta hana hitar da hatsi, har da wake, in ba zuwa Mali da Burkina ba. Mayun 2025, gab da layya, ta hana hitar da bisashe. Wanda yaj je Kara neman rago ya gani ga aljihunai. Mu ma mun yi musu: an ruhe iyaka Agustan 2019 har Disamban 2020, an hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 da iyaka, 2023 kuma an yanke musu wuta bayan juyin mulki.

Shehu Runjin Sambo: Alhaji, Allah ya ba ka nasara, wannan babi ne mai zaman kansa, za mu buɗe masa zaure ranar Lahadi in kun dawo kasuwa. Yau a ƙarasa na ruwa.

Bakaben Argungu: Kafin a rufe. Tun ɗazu Sakkwatawa ke kukan na sama sun tsare musu ruwa. To ku ne Katsinawanmu. Ruwan Goronyo ɗin nan shi Argungu da Birnin Kebbi ke jira, da shinkafar fadamarmu. In kun yi shingen kankaren da Injiniya ya ce, ku tabbata ƙofarsa na sakin rabonmu. In kuka buɗe da damina, bayan kwanaki a gonakinmu yake kwana. Kwatar birninku da ledojinku ma duk nan suke gangarowa, kifin Matan Fada bai ce a gaishe ku ba.

Aminu Bakatsine: Yau dai Bakabe ya faɗi gaskiya, a rubuta ranar.

Shehu Runjin Sambo: To me talaka zai iya yi ban da sayen tanki? Barista.

Barista Nasiru: Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, tana hawa kan hukumomin tarayya, kuma ta ba su kwana 7 su amsa. Ƙungiyar unguwa ko mutum ɗaya na iya rubutawa, ba sai ya faɗi dalili ba. A yi kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Kar a rubuta a taimaka mana da ruwa, ba a amsa irin wannan. A tambayi lamba: tsawon ruwan Goronyo da Bakolori a ranar 1 ga Nuwamba na shekaru biyar da suka wuce, nawa ake sakowa a yini daga Janairu zuwa Yuni, yaushe aka yi awon yashi na ƙarshe kuma me ya nuna, ma'aunai nawa ne ke aiki a saman dam. Ita kuma hukumar ruwa ta jiha a kai mata tata takardar daban, ta hannun ɗan majalisar mazaɓa: inji nawa ke aiki cikin nawa, awa nawa ake samun wuta a matata, da jadawalin unguwanni.

Hajiya Asabe Mabera: Barista a ƙara da awa nawa ne tsakanin buɗe ƙofa da sanarwa a rediyo, kuma da wace tasha. Matan fadama ba su karanta takardar ofis.

Malam Umaru Goronyo: Kuma ranar 1 ga Nuwamba ta yi daidai ga birni, amma manomi na son ta 15 ga Oktoba, lokacin shika yanke shawarar irin da za shi saye. A tambayi duka biyu.

Bakaben Argungu: A sa nawa ne ke wuce gadar birni zuwa Kebbi. In kun rubuta ku turo nan, mu ma za mu sa hannu.

Shehu Runjin Sambo: Barista zai tsara, Injiniya ya duba lambobin kar a tambayi lita inda ake awo da kubik mita. A turo kafin Juma'a.